Warin da Aka Ce na Baki Ne

Azumi ya zagayo ya sake faɗowa tsakiyar bazara. An ce sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya komo inda ya baro, to ga shi Allah Ya ja kwanana na ga komowarsa, kuma ban yi marhabin da zafin ba ko kaɗan. Yanzu ina zaune a Talata Mafara, gidan ɗana Bashiru, tun da zaman ƙauye ya gagare mu. A bayan layinmu akwai tankin unguwa, baƙi na roba, hasken rana ke jawo masa ruwa, ba inji ba hayaƙi. Ranar da aka ga wata na sa a kira mini mutumin da ke kula da shi, na tambaye shi yaushe rabonsa da ya hau ya leƙa ciki.

"Haba Hajiya," ya ce, yana dariya. "Ruwan sola na hwa. Daga ƙarƙashin ƙasa shi ka hitowa, mi za shi taɓa shi?"

Matar Bashiru ta ce in raina bai kwanta ba a riƙa sayo mini na leda. Na leda, wanda ake jibgewa a rana bakin titi har ya ɗauki ɗanɗanon roba! Na ce ni ba leda na tambaya ba, murfi na tambaya. Mutumin ya fita yana raɗa wa ɗana wai tsufa ya fara taɓa ni. Na ji shi sarai, kunnena bai tsufa ba.

Wancan azumin na bazara ina da shekara huɗu a ɗakin miji. Daga Dosara aka kai ni wani ƙauye a ƙasar Bakura. Mijina Garba ya tafi cin rani kudu, sai Salla zai dawo, gidan ya rage mu huɗu: surukina da nake ce wa Baba, matarsa Inna, ni, sai Uwani. Uwani ita ce 'yata ta fari, shekararta biyu da 'yan watanni. A wajenmu kuwa ɗan fari ba na uwarsa ba ne a gaban mutane. Ba kya kiran sunansa, ba kya ɗaukarsa ki yi masa wasa, ko faɗuwa ya yi ya fasa baki sai ki kawar da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna, can take kwana, can take ci. Tsakanina da Baba kuma gaisuwa ce kawai, a durƙushe, kai a ƙasa. Shekara huɗun nan ban taɓa gaya masa maganar da ta wuce amsa gaisuwa ba.

Baba shi ne mai kula da ruwan garin. Tanki ne na ƙarfe a kan ƙafafu huɗu, dogo, da tsani a jikinsa, inji na jawo masa ruwa daga burtsatse, a ƙasa an jera famfo shida. Dattawa sun yi kwamiti, suka damƙa wa Baba makullan, shi ya sa duk garin Mai Makulli ake ce masa. Ba zan ci zalinsa ba, mutum ne mai tsantseni. Kullum da safe in inji ya gama cika tanki, kafin ya bar kowa ya tara tulu, sai ya tari ruwan a wani farin kofi nasa, ya ɗaga ya duba, ya kai hanci, sannan ya kurɓa. Ya ce haka ya karanta a gaban malaminsa: ruwan da bai sauya launi ba, bai sauya ƙamshi ba, bai sauya ɗanɗano ba, ruwa ne mai tsarki. Da ido da hanci da harshe yake tsaron ruwan gari guda, kuma mutane sun yarda da ukun nan fiye da kowace takarda.

Duba-gari ya taɓa kawo masa wani farin gari a gwangwani, mai warin asibiti, a riƙa zubawa a tanki. Mutanen gari suka yi masa ca. Wai yana kashe daɗin fura, wai kunu na warin allura. Tun kafin azumi gwangwanin ya koma ƙarƙashin gadon Inna. Zuba garin nan ne kawai ke sa a hau tankin, da aka bari sai hawan ma ya ƙare.

Bazarar shekarar ta zo da mugunta. Ana saura kwana uku a ga wata hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, muka fito da tukwane da kwanoni muna murna. Iska ce kawai ta zo. Ta kwashe jinkar rumbuna, ta kayar da zana, ta wuce ba ta bar mana ko ɗigo ba. Daga nan rana ta buɗe. Kafin hantsi ƙasa ba ta takuwa babu takalmi. Kaji su laɓe ƙarƙashin rumbu baki buɗe, awaki su bi inuwar katanga suna haki, ƙurajen zafi su feso wa yara a wuya da baya. Ko iska ta kaɗa, zafi take kawowa. Tafkin bayan gari ya tsage, rijiyar masallaci ta ja baya har guga na fitowa rabi ruwa rabi laka.

Ganin haka kwamiti ya kafa doka: ruwan tanki na sha ne da girki kawai. Alwala da wanka da wanki, kowa ya nufi rijiya. Dokar ta yi kyau a ido, har yabawa aka yi. Amma ita ce ta raba bakin kowane baligi da ruwan tanki tun daga asuba har magariba, ko kurkurar baki ta alwala ba a yi da shi. Baba kansa, da azumi a bakinsa, ya bar kurɓa farin kofinsa. Ido da hanci suka rage masa.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Da sassafe in bi layin famfo da tulu, sahu uku nake yi kafin rana ta ɗaga. In dawo in surfa gero, in jiƙa wake na ƙosai, in jiƙa tsamiya. Inna kuma ta hau aikin randarta, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa. A unguwar nan babu wadda ta kai ta iya gyaran randa. Sai ta wanke ta, ta kife a kan garwashi da itacen turare har ta sha hayaƙi, sannan a juye ruwa, ta jefa saiwar jema, ta rufe da faifai, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Da azahar kowa ya zube inda ya samu inuwa, ba mai iya magana, sai kukan ƙudaje. La'asar na yi a hura wuta, a dama kunu, a soya ƙosai, leɓe ya bushe har yana tsagewa. In ladan ya kira magariba, Baba ya ɗaga moɗar ruwan randar nan mai sanyi da ƙamshi, ya shanye, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdulillahi, ruwa dai sai namu." Bayan wunin ƙishi irin wannan, ko me aka miƙo maka daɗi zai yi.

Yara kuwa ba sa azumi. Su ke shan ruwan nan wuni guda, a tulu, a bokiti, a bakin famfo da tafin hannu. Wajen goma ga wata gudawa ta shiga cikinsu. Gida-gida ake shanya tsummoki. Aka ce zafi ne. Aka ce ɗanyen mangwaro ne. Masu ƙanana aka ce haƙori ne. Manyan da cikinsu ya murɗa kuma aka yi musu tsiya, wai sun cika haɗama wajen buɗa baki. Uwani ma ta fara, kaɗan-kaɗan, Inna ta ce haƙoran ƙarshe ne ke fitowa.

Ana cikin haka fashin salla ya zo mini. Mace in ba ta azumi ba ta ci ba ta sha a idon kowa, ɓoyewa take kamar mai sata. Randar Inna tana tsakar gida, faifanta da moɗarta duk masu ƙara ne, don haka da rana ta take sai na zagaya bayan madafa, na karkata tulun da na ɗebo da safe na sha kai tsaye. Ruwan ɗumi, babu turare, babu jema, ni kuma ba ƙishin mai azumi gare ni ba. Kurɓar farko ta tsaya mini a maƙogwaro. Wani ƙarni ne a ƙasa-ƙasa, da ɗan santsi a harshe, irin na ruwan da aka wanke nama aka manta shi ya kwana. Na tofar, na sake sunsuna tulun, na ce ko shi ne bai wanku ba. Na wanke shi da toka. Washegari ƙarnin ya fi na jiya.

Na samu Inna tana tankaɗe, na durƙusa.

"Inna, ruwan ga kamar shina da ɗan wari."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bakinki na. Kowa bakinai na wari cikin azumi."

Inna ta san ba na salla, na san ta sani, amma ba abin faɗa ba ne. Da wannan amsar ta rufe mini baki, don in na yi musu sai na furta abin da ba a furtawa. Ta ajiye rariya ta dube ni.

"Ke da kunka tashi kuna shan rijiya da kwaɗi can Dosara, yau ke ka aibata ruwan inji? Ruwan da Malam ka dubawa da kainai kullum sahe? Kak ki bari in ƙara jin wagga magana, balle ta kai zaure."

Amma da yamma na ga ta ƙara itacen turare a garwashi, randar ta sha hayaƙi fiye da kullum. Ashe hancinta ma ya ji. Maimakon ta tambayi inda warin ya fito, sai ta rufe shi da ƙamshi, mu kuwa muka zauna muka sha muna hamdala. Har yau in na shiga gida na ji ƙamshin turaren randa sai in juya in fita waje.

Rana ta uku na ɗebo ruwan rijiyar masallaci, na jefa alif ya kwanta, na faki ido na kai wa Uwani bayan ɗaki. Ta kama moɗar da hannu biyu ke nan Inna ta ɓullo.

"Yau na ga rashin kunya! Ɗiyar hwari ta hwa, ita ki ka bi da moɗa? Kuma ruwan laka, ga na inji cikin randa?"

Ta karɓe ta watsa wa kaji. Ba mugunta ba ce, Inna ta fi kowa son yarinyar nan. Goye take wuni da ita, tana mata jiƙon saɓara da ganyen gwaiba, tana ɗura mata. Duk a cikin ruwan nan ake jiƙawa. Ni kuma ina tsaye nesa ina kallo, ina daka, ina nuna ban damu ba, don a ce 'yar mutanen Dosara tana da kunya. Rana ta huɗu ma haka na yi. Uwani ta bar tafiya, ta bar neman ƙosai, idonta ya faɗa. Na ga duk wannan, na kuma kai wa Baba ruwan buɗa baki da hannuna, a durƙushe.

Safiya ta biyar ina kan layi, famfon da na tara ya riƙa tsiyaya kamar zai ɗauke. Na bubbuga shi. Ya yi tari sau biyu, ya furzo wani curi cikin tuluna. Na kwance kallabina na tace a gefe. Gashin tsuntsu ne, laushi, ya cure wuri ɗaya, a tsakiyarsa wata 'yar mitsitsiyar ƙafa ta nannaɗe, fatar ta yi fari tana saluɓewa. Na tsaya ina kallonta a tafin hannuna. A bayana mata na ta cika tuluna, wata na ba ɗanta ruwan a bakin famfo. Na ƙulle abin a kallabi, na bar tulun a nan, na nufi gida kaina a buɗe.

Baba na zaure shi da liman da wasu dattawa biyu na kwamiti. Ban taɓa tsayawa a ƙofar zauren nan da maza a ciki ba. Na durƙusa na yi sallama, hirarsu ta yanke.

"Lahiya?" in ji Baba. "Ina Innarku?"

"Baba, ba ni azumi."

Liman ya ɗaga kai yana kallon azara. Ɗaya dattijon ya hau gyaran hula. Na ji kamar tsirara nake, amma na riga na fara.

"Na sha ruwan tanki da rana, wanda ba a turara ba. Akwai mushe cikinai."

Na kwance kallabin na ajiye a bakin tabarma.

Kalmar mushe ce ta tashe su. Mako guda yara na zuba kamar famfo, babu wanda ya ɗaga daga tabarmarsa, amma da aka ambaci mushe su huɗun suka miƙe a tare, liman na salati. Baba ya ɗauki makullansa ya fita, muka bi shi, kafin mu isa rabin gari ya taru.

Samari sun ce su za su hau, ya hana. Tsanin ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, ya yage rawaninsa biyu ya naɗe hannuwa, ya hau, tsoho mai shekara sittin da azumi a bakinsa, yana hawa yana hutawa. Ya kai sama ya leƙa. Ya daɗe a haka. Sai muka ga ya juyo da kai gefe, ya kama ƙarfe, ya yi ta sheƙa amai daga can sama har ƙasa.

Murfin ya goce, ya bar kafa kamar faɗin faifai. Zafi ya koro tsuntsaye neman ruwa, su shiga su kasa fita. Da aka ɗaura kwando a gora aka fara kwasowa, na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Kurciyoyi sun kumbura sun yi suntum, wasu sun fashe. Jemagu. Ƙadangaru sun yi fari fat. Wasu ma ba a gane ko mene ne, sai dai a ga abu ya narke yana zuba ta ramukan kwando. Warin ya sauko ya rufe filin, ƙudaje suka taso ko ta ina. Mata na toshe hanci da mayafi suna kaki. Ni kuwa lissafi ya zo mini: kunun jiya, tuwon jiya, miyar, furar sahur, jiƙon da aka ɗura wa 'yata da safen nan. Na ji ƙyamar cikina, na ji ƙyamar harshena, da ana cire su a wanke da na cire.

Ina cikin wannan na ji wani a bayana yana tambayar liman, da gaskensa.

"Malam, aman ga da Mai Makulli yay yi, ya karya azuminai ko bai karya ba?"

Wani ya karɓe, shi rigarsa ruwan ya taɓa jiya, ya yi salla da ita, ko sai ya rama? Liman ya gyara tsayuwa ya shiga warware musu dalla-dalla, suka kewaye shi. Ga kwandon mushe a gabansu, ga yaransu kwance a gida, babu wanda ya ce a nemo mota. Na tofar da yawu, na juya na tafi.

Na tarar da Uwani a cinyar Inna, tana kuka ba hawaye. Na ja fatar cikinta na saki, ta tsaya yadda na ja ta. A karon nan ban nemi izinin kowa ba, na fita bakin hanya na tare wata a-kori-kura da ta ɗauko albasa za ta Bakura. Muka hau baya ni da Inna, a kan buhuna, rana na dukanmu. Mun yi nisa kaɗan Inna ta kwance goyon ta miƙo mini.

"Karɓi ɗiyarki."

Rabona da riƙe ta a gaban mutum tun ranar yaye. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta sa hannu ta kama wuyan rigata, haka muka isa.

A asibiti sun yi iya ƙoƙarinsu. Sun sha wuya kafin su sami jijiya, suka sa mata ƙarin ruwa, kafin yamma yaran garinmu sun cika ɗakin. Wasu sun tashi. Uwani ta kai hantsin washegari, daga nan Allah Ya karɓi abarsa. Ba ita kaɗai aka rasa a garin ba.

Aka zubar da ruwan tankin, aka wanke shi, aka ɗaure murfin da waya. Gwangwanin duba-gari ya fito daga ƙarƙashin gado. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa suna cewa kwana ne ya ƙare, na amsa musu da amin. Tun kafin a ga watan Salla na ji wata a layin famfo tana ƙorafi wai fura ta bar daɗi.

Ana saura kwana biyu Garba ya dawo, da hantsi, ina shara a bayan ɗakina, na ji gyaran murya a ɗaya gefen zana. Baba ne. Bai shigo ba, ban fita ba, zanar na tsakaninmu. Na durƙusa da tsintsiya a hannu.

"Ranar da kika zaka zaure," ya ce, "ita ta ranar da kika hwara jin abin?"

Da na ce e, da ya wuce a haka, babu mai ƙaryata ni sai Inna, ita kuwa ba za ta taɓa tayar da maganar ba.

"A'a, Baba. Kwana biyat ina ji."

Ya matso jikin zanar.

"Ni kau tun ranar iskar nan na hangi murhin ya karkace. Daga ƙasa na gane shi. Nac ce in na hau da azumi jiri na iya kayas da ni, a bari sai bayan Salla. Warin ma na ji shi cikin kohi. Nac ce bakina na."

Ina jin numfashinsa ta cikin zana.

"Naki shi tsaya nan," ya ce. "Kak ki hwaɗa ma Garba. Nawa ni za ni hwaɗa mai."

Ya kuwa faɗa masa, ranar da ya sauka, tun bai kwance kayansa ba. Garba bai ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ba a haka. Amma daga ranar bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da shi ba, gaisuwar safe kawai ke haɗa su, har Baba ya bar duniya bayan shekara shida. Ina gidan, ina gani, ni ke raba musu tuwon kwano biyu.

Ni kuwa na zauna da Garba shekara ashirin da shida bayan nan, na haifa masa biyar. Duk wanda ya tayar da zancen wancan azumi sai Garba ya ce ai matarsa ce ta ceci garin, ita ce ta ajiye kunya ta je zaure a ranar da ta gane. Ina zaune yake faɗa, ina jin sa, in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce. Har aka fita da gawarsa ban gaya masa ba.